Da Wace Tiya Ake Auna Zuciya?

Na san halinku, 'yan majalisar shayi na Magarya da Dungas. Da kun hango yaro ya sauko daga babur riƙe da takardar tambayoyi, sai ku taɓe baki: "Ga masu awon zuciya nan. Da wace tiya?" To Alhaji, ajiye kofin nan, yau da kai nake.

Wani wurin kana da gaskiya. Ka tambayi mutumin Wacha ya gida, zai ce lafiya lau, ko da jiya rumbunsa ya ƙone. Mai rubuta wannan amsar kunya ya rubuta, damuwar tana nan a ciki. Shi ya sa masu nazarin halayyar ɗan Adam da suka san aikinsu suke zagayowa ta bayan gida: kwana nawa a makon nan barci ya gagare ki? Abinci ya fita ranki? Kuma su tambayi mace ita kaɗai, nesa da kunnen uwar miji. Ga ƙarin gishiri a miyarka: a 2008 an ƙirga mutanen da manyan mujallun fannin suka yi nazari a kansu, aka tarar kashi 96 cikin 100 'yan ƙasashen Turawa ne da makamantansu. Ba su taɓa jin sunan Dogo-Dogo ba.

Amma kar ka yi saurin murna. Bara ka zuba taki a gonar riɗi, ta yi kyau, ka cika kasuwa da yabon takin. Damina fa, ba ta yi albarka ba? Da ka bar kunya biyar babu taki, da ka san wanda ya yi aikin. Kwatancen nan shi ne gindin bincike.

An yi shi a nan Nijar, har da jihar Damagaram. Gwamnati da Bankin Duniya sun ɗauki ƙauyuka 322 inda mata ke karɓar tallafin sefa 10,000 a wata, aka raba su gida huɗu da ƙuri'a, don kada a ce surukan maigari aka zaɓa. Gida ɗaya ya tsaya a kan tallafin kawai. Sauran ukun duk an kafa musu adashi, an koya musu sana'a. A cikinsu wani ya samu jarin sefa 80,000, wani ya samu horon ƙarfafa zuciya da majigin da gari ya taru ya kalla ya tattauna, na ƙarshe ya haɗa biyun. Aka koma bayan wata 6, aka sake komawa bayan wata 18. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2022: duka ukun sun zarce gidan farko a samu da kwanciyar hankali, kuma idan aka duba abin da aka kashe, ƙarfafa zuciyar ne ya fi riba. Abin da kake kira surutu ke nan, Alhaji!

Don haka in yaron ya dawo, shimfiɗa masa tabarma ka zuba masa na farko. Sannan ka tsare shi da naka tambayoyin: da wa kuka kwatanta? Ƙuri'a ce ta zaɓa ko son rai? Yaushe za ku dawo ku sake dubawa? In ya amsa, ka ba shi gaskiyar cikinka. In ya fara sosa ƙeya, karɓe kofinka.