Shagon Alhaji Ba Shi da Ma'aikaci Ko Ɗaya

Shiga duk shagon da ka ga dama, daga bakin tashar Ƙaura Namoda zuwa Moriki, ka zarce Shinkafi ranar Alhamis, ka tambayi mai shi ma'aikata nawa gare shi. Kallon da zai yi maka sai ka ɗauka zaginsa ka yi. "Ma'aikata? Ni gwamnati na? Waɗanga duk ɗiyana na." Ga kuwa ƙarti huɗu a bayansa tun asuba, wannan na sauke buhun sukari, wancan na awo, ɗaya na faɗa da mai kura. A wajenmu ma'aikaci shi ne wanda ke zuwa sakatariya ya sa hannu ya dawo gida. Wanda ke yini a tsaye cikin shago kuwa sunansa yaro, ko da furfura ta cika masa gemu, ko da shi ma yana da 'ya'ya bakwai.

To shi mai cewa "ɗiyana na" ɗin, da shi ya kamata a fara, don shi ne uwar tafiya. Ba mugu ba ne. Shi ke ciyarwa, shi ke ɗinkin Sallah, in matar yaro ta haihu shi ke sayen rago. Abu ɗaya ne bakinsa ba ya iya furtawa: adadi. Ranar da aka kawo masa yaro aka ce nawa za a riƙa ba shi, amsar ita ce "abin da Allah ya hore." Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba mutum takarda mai ɗauke da irin aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Alhaji bai taɓa jin wannan ba, kuma in ya ji zai ce ai tsakanin uba da ɗa babu takarda. Sau ɗaya doka ta taɓa tayar masa da hankali, a watan Yulin 2024, da rediyo ya ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu saba'in. Kwana biyu bai ci tuwon kirki ba, sai da wani ya raɗa masa cewa dokar ba ta hau kan wanda ke da mutum ƙasa da ashirin da biyar ba. Ya ƙirga yaransa da yatsu, ya sake ƙirgawa har da mai shara, ya ga ko rabi ba su kai ba. Tun daga ranar babu mai kare dokar ƙasa a majalisa kamarsa.

Babban makaminsa alkawarin sallama. "Ka yi haƙuri, bayan Sallah in buɗe maka naka." Bai dai faɗi wace Sallah ba. Na san wanda aka yi wa wannan alkawari yana saurayi, yanzu ɗansa na fari ya isa riƙe ma'auni, kuma an fara yi wa ɗan irin alkawarin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shagon da ba a yanka albashi, yaro shi ke yanka wa kansa, kuma ba ya jiran ƙarshen wata. Wannan shi ne mutum na biyu, mai biyan kansa. Kada ka kuskura ka kira shi ɓarawo, don yana da fiƙihunsa. Alhaji ya ce a sayar da kwalin sabulu kaza, shi ya ɗora ɗari biyu: "Ƙarin nawa na, ban taɓa na Alhaji ba." Daga ƙari sai aro daga aljihun tebur da niyyar mayarwa, daga aro sai sabuwar waya, daga waya sai babur da ya ce na abokinsa ne, abokin da ba wanda ya taɓa gani. Ranar lissafi kuwa ɓerayen shagon ke shan zargi. Ɓerayen Moriki, in ka bi ta bakin waɗannan yara, har madarar gwangwani suke buɗewa, har batir suke ci.

Daga nan sai a rankaya gaban alƙali. Zamfara ce jihar da ta fara faɗaɗa shari'ar Musulunci, aka ƙaddamar a Gusau cikin Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, saboda haka Alhaji yakan shiga kotu da ƙarfin gwiwa, yana ganin yau ƙarya ta ƙare. Sai alƙali ya yi masa tambayar da bai shirya mata ba: kayan nawa ka damƙa masa? "Allah shi gafarta malam, da yawa." Da yawa nawa? Ina littafi? Ina shaidu? A fiƙihun Malikiyya wanda aka ɗauka aiki aka ba riƙon kaya amintacce ne, mai ƙara ke kawo hujja, in babu sai wanda ake ƙara ya rantse. Yaro kuwa ya yi alwala tun daga gida. Wani Alhajin da ya san haka sai ya kauce wa kotu ya nufi wajen 'yan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Don haka ne duk bashi a bakinsa yake komawa "cin amana" tun kafin ya isa bakin ƙofa.

Akwai kuma wanda ba ya sata, ba ya kuma aiki. Ɗan 'yar'uwa ke nan, ko ƙanen amarya, wanda ya fi haɗari. Yana zuwa da hantsi, ya zauna kan buhun shinkafa yana latsa waya, mai saye ya yi sallama uku ya amsa da "babu" ba tare da ya ɗaga kai ba, kayan kuwa na bayan ƙeyarsa. Doka ta tsara yadda ake sallamar ma'aikaci dalla-dalla: wanda bai wuce wata uku ba sanarwar kwana ɗaya, zuwa shekara biyu mako guda, zuwa shekara biyar mako biyu, daga nan wata guda. Waɗanda suka rubuta ta ba su san Inna ba. Ni kaina na taɓa riƙe 'yar tireda, na kori irin wannan yaro har sau uku. Kora ta farko, kafin la'asar uwarsa ta iso da mayafi a kafaɗa, ba ta ko zauna ba: "Yaya, ashe zumunci ya ƙare ba mu ji ba?" Ta biyu, tsohuwarmu ce ta aiko a kira ni, na durƙusa na sha faɗa kamar ni na zubar da man gyaɗan. Ta uku ban ma kai ga ƙarasa maganar ba, shi da kansa ya ce, "Kawu, kak ka wahal da kanka, gobe ma nan za ka ishe ni." Gaskiya ya faɗa. Tiredar ce ta riga shi tafiya.

Mai jari shi ma nau'i ne mai zaman kansa. Yawanci malamin makaranta ne ko ma'aikacin ofis da ya tara 'yan kuɗi ya ba wani ya juya masa a hatsi ko dabbobi. Da baki ƙiradi ne, an ce riba a raba biyu. A zuciyarsa kuwa ya riga ya yanka abin da zai riƙa karɓa duk wata, kasuwa ta yi kyau ko ta yi muni. Malamai sun faɗa sun maimaita: riba kaso ce ba adadi yankakke ba, asara kuma in ba sakaci a kan mai dukiya take, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi. Ran rabon riba mai jari ya haddace wannan babi tsaf. Ran asara sai ya ce shi bai san wani ƙiradi ba, ajiya ya bayar. Watan Satumban 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, an ga irin waɗannan da yawa: buhuna a ɗaki, kasuwa a rufe, ba halin kira, mai jari na tsaye a ƙofar gida yana cewa shi uwar kuɗinsa kawai yake so. Ban wanke mai juyawar ba fa. Akwai wanda zai zauna ya yi maka bayanin asara har hawaye ya cika masa ido, ƙamshin turaren amaryar da ya yi watan jiya na fitowa daga zaure.

Duk wannan rigima layi biyu a takarda zai rage ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk azumi ana karanta ta a wajen tafsiri, mu gyaɗa kai, mu ce Allahu Akbar. Amma ka fito da biro gaban abokin ciniki ka ga yadda fuska ke sauyawa. "Au, rubutawa za a yi? Ba ka yarda da ni ba ke nan." Sai kunya ta kama ka, ka mayar da biro aljihu, a waiwaya a kira mai shayin gefe ya zama shaida. Shi kuma shaida, Allah sarki, mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, ga shi dukanku kuna shan shayinsa bashi. Ranar da aka neme shi zai ce, "Ni dai na ga sun gaisa." In an matsa, ya ga an ƙirga kuɗi amma hankalinsa na kan tukunya. In an aika sammaci, an ce ya tafi haƙar zinari, ba a san ranar dawowarsa ba.

Sai ɗan Poli. Ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, aikin gwamnati bai samu ba, Alhaji ya ɗora shi kan na'urar POS. Shi kaɗai ne a shagon ya san akwai hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya san dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya buɗe kamfani, kuma da aka umarci masu POS su yi rajista a 2024 shi ya zaɓa wa sana'ar suna. Tebur ɗaya ne da lema, amma sunan sai an ja numfashi sau biyu kafin a kai ƙarshensa, har da "Intanashinal" a ciki. Ranar da ya cika shekara ya tunkari maigida da maganar hutun kwana shida da doka ta ba wanda ya yi wata goma sha biyu yana aiki. Alhaji ya dafa masa goshi: "Hutu? Ciwo kaka yi?" Ya taɓa ambaton Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba hurumin rikicin aiki, aka tambaye shi kuɗin mota nawa ne zuwa can, maganar ta mutu. A majalisa ana yi masa dariya, ana ce masa Lauya. Ni kam ina bayansa, don a duk shagon shi ne mai littafi, kuma littafin nan ne ya cece shi ranar da wani ya nuna masa alat na bogi ya karɓe kuɗi ya hau babur: ya kawo lokaci da adadi, aka raba asarar biyu maimakon a ɗora masa duka. Laifinsa ɗaya, farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, ya ɗanɗana sarauta. Dattawan da suka yi masa suna suka riƙa bin layi suna ce masa ranka shi daɗe, har yau bai gama saukowa ba.

Tela ba sai na daɗe a kansa ba, kowa na da tabonsa. Malikawa sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya shige da su, wato in shadda ta ɓace ko ta ƙone shi zai biya. Tela ya san da haka, shi ya sa kullum yake ajiye ɗan koyo kusa. Dutsen guga bai taɓa ƙona kaya a hannun maigida ba, sai a hannun yaro, ko da yaron na Zurmi ranar. Shi kuma ɗan koyo yana haƙuri yana haddace awon manyan gari. Ran da ya tashi, ba nesa zai je ba, shagon da ke kallon na maigidansa zai kama, ya riƙa tsallako titi kowace safiya yana durƙusawa: "Baba, an tashi lahiya?" Baba na amsawa yana kallon Alhazansa suna shiga can da ledojin yadi.

Mutum ɗaya ne ke ba da takarda ba a roƙe shi ba, mai karɓar haraji. Na ƙaramar hukuma ya yaga rasit, na jiha ya yaga, na ƙungiya ya yaga, har aljihun tebur ya cika da takardun da Alhaji bai san na mene ne ba. Akwai kuma waɗanda ke aiko da nasu harajin daga daji, ba rasit ba rangwame. Wannan ba abin dariya ba ne, mutanen Moriki sun fi kowa sani, mu bar shi nan.

Ƙarshen kowace shari'a dai hannun mai sulhu take komawa, dattijon unguwa ko shugaban 'yan kasuwa. Ma'auninsa ɗaya ne, rabi. Ka zo da ƙarar dubu ɗari, a ce ka yafe hamsin don Allah, sauran hamsin a biya "sannu a hankali," wato ranar da aka sallami wancan yaron na bayan Sallah. Wanda ya gane shi sai ya ninka ƙararsa tun daga gida. A yi addu'a, a shafa, a raba goro, kuma sharaɗin sulhun shi ne yaro ya koma bakin aikinsa, don in ba ya aiki da me zai biya?

Bayan irin wannan zama ne wani Alhaji maƙwabcina ya rantse ya daina ciniki da ka. Ya aika aka sayo masa babban littafi mai bango baƙi, ya rubuta Bismillah a shafin farko da kwanan wata, ya ja layi da rula. Da na koma bayan wata biyu na tarar littafin ya rame. Shafi na biyu sunayen waɗanda suka kawo gudummawar bikin 'yarsa ne, sauran kuwa ƙanen amarya na yaga yana ƙunsa wa yara kanwa.