Malaman Lamba Goma a Rimin Gado

Tun daga shekarar 2022, sa'ad da Kano Pillars ta faɗo daga babban rukunin ƙwallon Nijeriya bayan an zaftare mata maki a kan laifin rikici, har zuwa komawarta a 2023 da abin da ya biyo baya, akwai wata mas'ala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburan masu shayi na Rimin Gado, wato wanda zai gaji Rabi'u Ali Pele wajen raba ƙwallo a tsakiyar fili, tun da shi ya haye shekara arba'in ana dogara da ƙafarsa. Masu fatawa a kanta kuwa mazhabobi ne, ba a kuma taɓa jin sun yi ijma'i ba sai a kan cewa mai shayi ya ƙara sukari.

Mafi girman rawani a cikinsu shi ne Mai Isnadi. Ba a tambayarsa hukuncin yau face ya faro daga 1990, da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka haifi ƙungiyar, ya gangaro kan kofin 2008, ya jero na 2012 da 2013 da 2014 kamar mai jan tasbaha, sannan ya yada zango a 2009, shekarar da 'yan Pillars, wato Masu Gida, suka fitar da Al Ahly ta Masar suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. A nan yakan ajiye kofinsa, ya miƙe, ya kwatanta bugun ƙwallon ranar da ƙafar hagu, har takalminsa ya faɗa cikin kwanon wankin kofuna. In aka ce, "To, Malam, wa za a sa ranar Lahadi?" sai ya ce ai yaran yanzu ba su da ladabin ƙwallo, ya koma 1990.

Kusa da shi akwai Mai Fatawar Kora, wanda ilminsa babi ɗaya ne: a sallami koci. Ya nemi a kori wanda ya ci kofi don ya yi girman kai, ya nemi a kori wanda bai ci ba don bai ci ba, kuma bai taɓa lura da cewa kowane sabon koci da nasa yaron yake zuwa, ya tsige wanda ya fara gane fili ya dasa wani. Abin mamaki, mutumin nan manomi ne da ba ya yarda a tone masa gyaɗa kafin ta ƙosa.

Shi kuwa Mai Aljihun Gwamnati, da yake ƙungiyar ta jiha ce, ganinsa baitulmali ba shi da ƙasa. A sayo daga Kudu, a sayo daga Gana, a sayo ko daga Birazil. Da Ahmed Musa ya dawo gida a 2021 ya ce magana ta ƙare, alhali kuwa mai gudu a gefe, kome saurinsa, sai an sami mai miƙa masa. Bashin shayi na wata biyu yana wuyansa.

Akwai Mai Zargi, wanda bai yarda an taɓa cin Pillars da gaskiya ba. In ba alƙalin wasa ba ne, to, an binne wani abu ne a bakin raga. Ranar da Nasarawa United ta karya tarihin shekara goma sha biyu na rashin shan kashi a gida, a 2015, ya ce tun da safe ya ga alama, sai dai bai gaya wa kowa ba sai bayan magariba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Mai Ɗan Ƙane. Yana da yaro da ke wasa ba takalmi a filin makarantar firamare in an yi girbi, kuma ya rantse in an kai shi filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata an huta. Ana yi masa dariya, amma a ra'ayina shi kaɗai ne ya kusanci sawaba, domin mai raba ƙwallo renonsa ake yi shekara da shekaru, a bar shi ya yi kuskure a gaban jama'a ba a jefe shi ba. Illarsa ɗaya, yaron nasa ba ya ba kowa ƙwallo, kuma kawun yana ganin wannan ne babbar hujjar gwanintarsa.

Na ƙarshensu ya ce ya tuba da ƙwallon gida, ya yi hijira zuwa Arsenal, yana biyan kuɗin gidan kallo kowace Asabar. Amma in Pillars na wasa za ka gan shi a bayan rumfa da rediyo a kunne, ya ce wai labaran duniya yake saurare.