Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Injin Fakis Na Asibitocin Ingila

Wannan wasiƙa tana taya mai girma injin fakis, wato na'urar da ke aika hoton takarda ta layin tarho, murnar tsawon rai, domin tun 1843 Alexander Bain ya yi rajistar fasaharsa, shekaru 33 kafin a yi wa tarhon kansa rajista. A 2018 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta ƙirga kusan 9,000 daga cikin danginsa a asibitocin NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, sai sakataren lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sabo daga Janairun 2019, ya kuma ba tsofaffin wa'adin ƙarshen Maris na 2020. Wa'adin ya zo ya wuce, mai girma bai kwashe kayansa ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba taurin kai kaɗai ya zaunar da shi ba. Kowane injin fakis yana jin maganar ɗan'uwansa ko da kamfanoninsu sun bambanta, alhali manhajojin da ke adana bayanan majinyata, waɗanda kowane asibiti ya sayo nasa daga inda ya ga dama, sun zama kamar kishiyoyi a gida ɗaya, ba mai ara wa wata ko ludayi. Shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 2002 don haɗa kansu ya ci kimanin fam biliyan 10, aka rushe shi a 2011, kuma a Mayun 2017, da manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kulle kwamfutoci har aka soke ganin likita kimanin 19,000, ba a ji cewa mai girma ya ko yi atishawa ba.

Sai dai riƙon sirri ba halinsa ba ne. Ba ya rufe saƙo da makullin lissafi yadda mai izini kaɗai zai buɗe, ba ya tantance wanda ke tsaye a gabansa, ba ya rubuta sunan wanda ya karanta, kuma kuskuren lamba ɗaya ya isa sakamakon gwajin jinin wani ya sauka a shagon da ba ruwansa da jinya. Magajin da ake shiryawa, wato ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7, wadda ke tsara sunan magani da sakamakon gwaji a siga ɗaya da kowace manhaja za ta gane, sai an haɗa shi da waɗannan matakan tsaro kafin a damƙa masa amana.

Saboda haka ana roƙon mai girma ya ci gaba da riƙon ƙwarya har manhajoji su daina gaba, bisa sharaɗin a riƙa duba lamba sau biyu, kuma a matsar da shi daga bakin ƙofar da masu dubiya ke bi.

Wassalam.