Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wani Littafi Mara Bango

Zuwa ga Yallaɓai A Hazard of Hearts,
ɗan gidan Barbara Cartland, haihuwar Ingila, 1949,
mazaunin ƙasan akwati a halin yanzu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar takardunka waɗanda gara ta ɗanɗana, ɗigon rufi ya jiƙa, man ƙuli-ƙuli ya yi wa hatimi, mai wannan wasiƙa tana roƙon ka ara mata kunne. Ba lalle ka shaida ta ba. Lokacin da kuka haɗu tana aji biyu a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ƙafa duk faso, Turancinta bai wuce na gaida malami ba. Yau ita ce malamar Turancin, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, kuma ba ta fita sai da jan biro a jaka. Da wannan jan biron ta sake karanta ka a hutun da ya wuce, abin da ta gani kuwa shi ya hana ta yin shiru.

Ka tuna yadda ka shigo hostal? Ba riga, ba hula. Wata siniya ce ta tsinto ka a wajen masu gwanjon littattafai a Sabon Garin Kano, bangon gaba ya tafi, na baya ya bi shi, ya kuma ja shafuka goma sha biyu na ƙarshe sun raka shi. Ka tarar da manya a ɗakin: ga 'yan gidan Mills & Boon, ga su James Hadley Chase da ake ɓoyewa cikin matashin kai, ga 'yan Pacesetters irin su Evbu My Love da The Undesirable Element. Duk da haka a kanka aka kafa layi. Kowace yarinya dare ɗaya take samu, kuɗin haya cokalin madarar gari ko ƙwayar sukari biyu. Mai wasiƙa ita ce ta tara a layin. Daren da ka zo hannunta ta lulluɓa da bargo a tsakiyar zafin bazara, tocila a baki, kunne ɗaya yana sauraron takun metiron. Ta wayi gari da jan ido, ta kuma ci bulala a darasin lissafi saboda gyangyaɗi. Ba ta taɓa riƙe ka da wannan ba.

Labarin da ka kawo, in ka manta, ga shi. Wani dattijo mai suna Sir Giles Staverley, wanda karta ta shiga jininsa, ya zauna teburin caca ya zubar da gidansa, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya ɗora 'yarsa Serena da gadonta a kai, su ma suka tafi. Ya mutu ya bar ta da abin kunya. Ta faɗa hannun wani ɗan sarauta, Lord Vulcan, wanda 'yan ɗakin suka raɗa wa suna Bulkan, mutum mai kuɗi da ɗaurin fuska. Ya kai ta Mandrake, wani katafaren gida a bakin teku, inda mahaifiyarsa ke tara manyan gari ana caca har asuba, ta bayan fage kuma tana harkar fasa-ƙwauri. A gefe ga Lord Wrotham, mugu na sosai, wanda ba shi da wata sana'a sai mugunta.

Akwai ɗiyar wani alƙali a ɗakin. Tun kafin ta kai shafi na talatin ta rufe ka ta yanke hukunci: caca haramun ce, 'ya ba dukiya ba ce, ba a nemi yardarta ba, saboda haka maganar aure ba ta ma taso ba. Aka ce mata ta bari a ji labari. Ta bari, kuma ita ce ta fi kowa kuka daga baya.

To, Yallaɓai, ga abin da jan biro ya gano. Ba ka iya rubutu ba. A yi haƙuri, gaskiya ce. Zuciyar Serena ba ta da aiki sai bugawa, kumatunta ba su da aiki sai canza launi. Bulkan kuwa idan ya yi murmushi na raini ne, idan ya yi magana a sanyaye ne, idan ya shigo ɗaki sai an sanar da mai karatu cewa kyakkyawa ne, kamar ana tsoron an manta tun shigowarsa ta baya. Da ɗalibar aji uku ce ta kawo irin wannan insha'i, da an rubuta mata a gefe ta zo ofis. Amma a yi maka adalci, ka fi ƙannenka. Waɗanda aka haifa bayanka, 'yan matan cikinsu ba sa iya haɗa jimla ɗaya sai sun tsaya sau uku da ɗigo-ɗigo, sai ka ce masu shaƙuwa, sakin layi kuma jimla ɗaya tak, a sauka ƙasa.

Sai maganar tarihi, wadda ita ta fi ba malama haushi. Ka ce labarinka na farkon ƙarni na 19 ne, zamanin da Sarki George na Uku ya sami taɓin hankali ɗansa ya yi riƙon ƙwarya, daga 1811 zuwa 1820. Wato daidai lokacin da Shehu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, 1817, Muhammadu Bello ya ɗauki ragama. Fasa-ƙwaurin da ka ambata ba ƙarya ka yi ba: harajin kwastan ya yi nauyi, ana yaƙi da Napoleon har zuwa 1815, kuma ƙananan jirage suna ketaro ruwa da dare daga Faransa ɗauke da barasa da siliki da leshi. Nan ka ci maki. Amma ina sauran mutanen Ingila? A 1811 da 1812 masaƙa suna farfasa injuna a yankin Nottingham saboda an raba su da abincinsu. A 1819 sojan doki suka afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester, mutum fiye da goma suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Ana cusa ƙananan yara cikin bututun hayaƙi su share toka. Bayi suna saran rake a Jamaika, kuma dokar 'yanta su ba ta zo ba sai 1833. A wurinka talaka iri biyu ne kawai, wanda ke buɗe ƙofa da wanda ke riƙe linzami. Ba wanda ya taɓa tambayar inda kuɗin da ake watsawa a teburin karta ya fito. Mai wasiƙa ta kai shekara ashirin tana zaton kowane Bature yana da keken doki da bara mai safar hannu.

Akwai kuma wata magana da ba a so a yi a gaban jama'a, amma tunda wasiƙar buɗaɗɗiya ce, babu yadda za a yi. An ce kayan da ke jikinka ba duka ne naka ba. Georgette Heyer, wadda ita ta share wannan fage na soyayyar zamanin riƙon ƙwarya tun 1935, kuma mace ce da ke bin diddigin ko da maɓallin riga kafin ta rubuta shi, ta zargi mahaifiyarka a 1950 da kwasar mata sunaye da halaye daga littafinta Friday's Child na 1944 ta zuba a cikinka. Ta zauna ta jera wa lauyoyinta wuraren da aka yi aron. Maganar ba ta kai kotu ba. Amma shi Lord Wrotham ɗin nan naka, akwai mai sunansa sak a gidan Heyer, ya kuma girme shi da shekara biyar. Malama ba ta ce komai ba. Ta dai san abin da take yi wa ɗaliban da ta kama da amsa iri ɗaya.

Mahaifiyar taka kuwa ba a cewa komai. An haife ta a 1901, ta rasu a 2000 tana da shekara 98, ta bar littattafai 723, ban da wasu 160 da aka tarar ba a buga ba. A 1976 kaɗai ta rubuta 23, har littafin Guinness ya shaida. Kishingiɗa take yi a doguwar kujera cikin tufafi ruwan hoda, tana faɗa sakatariya tana rubutawa. A wannan shekarar ce 'yarta Raine ta auri mahaifin Diana, wadda daga baya ta zama matar Yariman Ingila, kuma ita ma Dianar ta sha karatun littattafan gidanku tana budurwa. Uwar da ke haihuwa kusan sau biyu a wata, wa zai tuhume ta don ba ta yi wa kowane ɗa wanka da kyau ba?

Sai dai da malama ta karanta tarihin matar, jan biron ya ɗan yi sanyi a hannunta. A cewarta, kakanta na wajen uba ya karye a harkar kuɗi ya kashe kansa, gidan ya tsiyace. Mahaifinta ya mutu a yaƙi a 1918. Ƙannenta maza biyu, Ronald da Anthony, sun mutu a 1940, kwana ɗaya tsakani. Macen da ta ga haka ta san yadda gida ke rushewa a kan mata ba tare da an yi shawara da su ba. Idan ta rantse cewa a littafinta ba yarinyar da za ta ƙare a wulaƙance, ko da hankali zai ƙi yarda, akwai inda abin ya samo asali.

A nan ne kuma ka kama 'yan hostal, ba da iya rubutu ba. Duk dawowa daga dogon hutu sai an tarar da gado ɗaya ko biyu babu katifa. Ba a tambaya, an sani. An ɗaura wa mai gadon aure, wani lokaci da mutumin da uban ke jin nauyinsa, ko wanda ke binsa wani abu. Ba a kira shi caca, amma 'yan aji biyu ba yara ba ne. Sai ga ka da labarin yarinyar da aka bayar ba a tambaye ta ba, kana kuma rantsuwa cewa baƙon mijin nan mai ɗaurin fuska zai zama mutumin kirki, cewa surukar da ta tsane ta ba za ta yi nasara ba. Ƙarya ce, Yallaɓai. Balaraba Ramat Yakubu ta faɗi gaskiyar lamarin a Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da Hausa, ba keken doki, ba safar hannu, kuma littafinta ya fi ka nesa ba kusa ba. Amma kai ka riga shi isa ƙarƙashin bargon, kuma ƙaryarka ta sa yara da yawa sun yi barci.

Ka kuma yi wani aikin da ba ka sani ba. Kai ne littafin Turanci na farko da mai wasiƙa ta karanta ba don jarrabawa ba. Saboda kai ta fara buɗe ƙamus da son ranta. Maimaicin nan da take ja wa layi yau, shi ya koyar da ita: kalmar da ta gagare ta a shafi na biyar za ta dawo a na tara, ta sake dawowa a na sha huɗu, kafin asuba sun saba. Marubucin kirki ba zai yi mata wannan alfarmar ba.

Saura shafuka goma sha biyun nan da suka ɓata. Tunda ba wanda ya san ƙarshenka, kowane daren Asabar sai an zauna a kan gadon ƙasa a ƙarasa ka da Hausa. Wata ta ce Serena ta karɓe gadonta ta koma garinsu ta buɗe shagon atamfa. Ɗiyar alƙali ta gurfanar da uwar Bulkan, aka ƙwace barasar aka zubar. Wata 'yar Katsina ta ce sam, sai Bulkan ya turo magabatansa sun nemi aure daga farko yadda ake yi, da goro da sadaki da lefe akwati goma sha biyu, sannan Serena ta ce za ta yi shawara. An yi zangon karatu guda ana wannan gardama, har aka yi gaba a kai.

Bara wata ƙawa ta aiko wa malama da ɗan'uwanka sabo daga Landan, da bangonsa da komai. Har fim ɗinka na 1987 ta nema ta kalla, wanda Helena Bonham Carter ta fito a Serena, Diana Rigg ta fito a uwar miji. Ta yi alwala, ta kori yara, ta zauna ta buɗe shafukan da ta yi shekara talatin da wani abu tana jira. Bulkan ya ce yana son Serena. Ta ce ita ma haka. Shi ke nan.

Wallahi na 'yar Katsina ya fi.

Saboda haka ga sakamakonka: uku cikin goma. Ɗaya na fasa-ƙwauri, ɗaya na uwar Bulkan, wadda ita kaɗai ce mai jini a jika a duk gidan, ɗaya kuma na sabo, wanda malama ba ta taɓa ba wani ɗalibi ba. Ba za a kai ka wajen mai ƙosai ba, ko da yake maigidan ya kawo shawarar har sau biyu. Kana nan inda kake, ƙarƙashin atamfofin lefe.

Roƙo ɗaya ya rage. Autar malama ta shiga sha uku, kuma an fara ganin ta tana shawagi kusa da akwatin. Sabon kwafin an kai shi can saman kabad an ɗora masa tabarma. Idan yarinyar ta zo, kai tsohon za ta tarar. Ka bi ta yadda kake, ba bango, ba ƙarshe, kada kuma ka gaya mata ko jan biron wa ne a gefen shafukanka.

Wassalam.

Taka har kullum,
ta tara a layin aro.