Shari'ar Zomo da Ƙuduji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata damina Zaki ya shuka dawa da wake, ya naɗa Gizo sarkin gona. Ruwa ya sauka yadda ake so, amma dawa ta ƙi tashi. Ganye ya yi rawaya, kara ya tsumbure kamar wuta ta lashe shi. Zaki ya ce a nemo masa mai laifi.

Kura ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, baƙi biyu ne a gonar, Zomo da Ƙuduji. A auna su."

Aka auna. Zomo da dare yake zuwa. Ga sawunsa, ga kashinsa ƙwaya-ƙwaya, ga ganyen wake 7 da tabon haƙori. Ƙuduji kuwa yana tsaye a gindin dawa, ɗan siriri, ya sha ado da fure ruwan hoda. Ba baki, ba haƙori, bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

Kashegari Ƙoƙi matar Gizo ta je noma, fartanya ta tono gindi guda. Sai ga saiwar Ƙuduji manne da ta dawa, kamar kaska a kunnen saniya. Ashe tun bai leƙo sama ba yake tsotso. Ta gaya wa Gizo da dare.

"Ke, yi shiru!" in ji Gizo. "In aka ce Ƙuduji ne, wa zai tuge shi gindi-gindi cikin rana? Ni da ke. Zomo kuwa kora ce, kuma Kura ta daɗe ba ta ga nama ba."

Da safe ya je fada. "Yanka ya daɗe, mai haƙoyi shi ke ci."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Aka bi Zomo da gudu. Har yau bai yarda da rami ba, ɗan kwarmi yake samu cikin ciyawa ya lafe, kunne a kwance, ido biyu.

Ƙuduji ya yi fure a natse, ya zubar da iri kamar ƙura, dubun dubata daga kowane gindi. Irin nan ba ya gaggawa. Sai ya shekara 10 a ƙasa yana jiran saiwar dawa ta matso.

Da damina ta zagayo, gona duk ta yi ruwan hoda. Zaki ya zo kewaya, ya ce bai taɓa ganin gona mai kyau haka ba, ya ba Gizo riga. Da kaka aka ɗaure dami 3. Kura ta ce lalle Zomo ya bar 'ya'ya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.