Ranar da kwamfuta ta tsaya a kashi 30

Talata ta biyu a kowane wata kamfanin Microsoft yake sakin gyare-gyaren Windows, kuma tun 2003 yake wannan al'ada. Yawancin kwamfutoci sukan haɗiye su wuce lafiya. Wasu kuwa sai su cije a kashi 30 cikin ɗari, ɗige-ɗige suna ta zagaye, allo yana roƙon kada a kashe. Daga nan sai kowa ya fito da halinsa.

Akwai Malam Mai Haƙuri. Tunda an ce kada ya kashe, ba zai kashe ba. Ya yi la'asar ya leƙo, kashi 30. Ya yi magariba ya leƙo, tana nan inda ya bar ta. Yana da ɗan gaskiya, domin tsohon faifai mai juyawa yakan ci awoyi yana aiki a ɓoye. Sai dai batirin kwamfutarsa ya mutu tun bara, kuma masu wuta ba su san da wannan haƙuri nasa ba.

Kishiyarsa shi ne mai zafin hannu. Minti biyar ya ba ta, ya danne maɓalli har ta mutu. Ya kunna, ta fara tashi, ya sake dannewa. Abin haushin, sau da yawa shi ke cin riba. Idan Windows ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta take buɗe shafin gyara, inda ake iya cire sabuntawar da ta kawo rigimar. Fushi ne ya kai shi ƙofar da masana ke bi, amma daga ranar ya zama injiniyan ofis, kowa ya kawo kuka sai ya ce, "Danne ta kawai."

Sai ɗan fomatin, wanda ba a rasa irinsa a kowace kasuwar waya da kwamfuta. Cuta ɗaya ya sani, magani ɗaya. Bai ko gama buɗe murfi ba ya ce bairos ne, sai an goge ta tas. Ba ruwansa da cewa bayan babbar sabuntawa Windows tana ajiye tsohuwar kanta har kwana 10 a wata ma'ajiya mai suna Windows.old, don mai son komawa baya. Sai ya gama shafe komai, yana goge hannu, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ba dai wani abu mai muhimmanci a ciki ko?"

Wanda ya fi burge ni shi ne mai hadda. Shi baƙin allo yake buɗewa, ya gyara zama, ya rubuta sfc /scannow, kowa ya yi tsit. Idan ba ta ji ba ya ƙara mata DISM. Idan ta ƙi, ya tsayar da masu saukar da sabuntawa ya share ma'ajiyar SoftwareDistribution. Duka magunguna ne na gaske, na farkon yana duba fayilolin da suka lalace, na ƙarshen yana zubar da abin da aka sauko da shi rabi da rabi. Matsalarsa ita ce yana ba da su a jere kamar mai maganin gargajiya a tasha, ba ya tambayar ina ke ciwo. Lambar da ke allon tun safe 0x80070070 ce, kuma ma'anarta faifai ya cika. Bidiyon bikin ƙanwar mai kwamfutar ne ya cinye wurin, daga kamu har buɗar kai, kowanne kwafi uku.

Baba Ba-na-sabuntawa yana gefe yana murmushi. Har yau Windows 7 yake amfani da ita, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020. Hujjarsa biyu ce. A Oktoban 2018 wata sabuntawar Windows 10 ta share wa wasu mutane fayilolinsu, har kamfanin ya janye ta. A Yulin 2024 kuma kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi. Ka ce masa wannan na biyun manhajar tsaro ce ta CrowdStrike, ba Windows ba, sai ya ce ai duk dangin juna ne. Filashinsa kuwa ba wanda ke yarda ya soka a tasa kwamfutar.

Mai wa'azin Linux zai iso ba a gayyace shi ba, ya yi minti 20 yana bayani, ya tafi bai taɓa komai ba.

Shi ko maigida ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Tun daga bakin ƙofa ya gano bakin zaren. "Waye ya yi gem a kwamfutata?" Autan gida, wanda rabonsa da ita tun ƙaramar salla, ya riga ya shige bayan uwarsa.