Mutanen Bakin Filin Folo

A garin Le Mans na Faransa akwai tseren motoci da aka fara tun 1923. Ana tashi da yammacin Asabar, ba a tsayawa sai yammacin Lahadi, awa 24 cur, ko ana ruwa ko ana iska. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 13, direbobi uku ke karɓa-karɓar mota ɗaya, kuma idan sama ba ta ɓata rai ba, motar da ta ci takan yi tafiyar da ta wuce kilomita 5,000. Akwai rukunin motocin da doka ta ce dole a sa direba guda wanda tsere ba sana'arsa ba ce. Galibi attajiri ne, shi ya biya kuɗin komai, ya ɗauko ƙwararru don su biya bashin mintocin da zai zubar a hanya. Gaya wa Bakatsine wannan, zai ce maka, "Ai wannan Alhaji ne, mun san shi, a filin folo yake."

Katsina ba ta da titin tseren motoci, amma tana da makon gasar folo, wato ƙwallon doki, wanda shi ma wasan juriya ne. Ƙungiyoyi kan zo daga Kano da Kaduna da Zariya da Jos har Legas, ana neman Kofin Nijeriya da na Janar Hassan da na Talba. Mutum huɗu kowane ɓangare, kowace caka minti bakwai, sannan a sauya dawaki. Filin yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, zai haɗiye filin ƙwallon ƙafa biyar har a samu ragowa. Saboda haka idan wasa ya koma can ƙarshe, ƙura ta turnuƙe, ba mai ganin ƙwallon sai dokin da ya taka ta. A nan mai hankali ke juyo da kansa ya kalli jama'a.

Da Alhaji za a fara, tunda da kuɗinsa aka fara. A wannan wasa kowane ɗan wasa yana da makin gwaninta, daga biyu ƙasa da sifili zuwa goma. Alhaji ya kai sifili shekara da shekaru, ya ga wurin da daɗi, ya gina gida ya zauna. Kada ka raina sifilin nan, jari ne. Makin mutum huɗun ake haɗawa, kuma kowane kofi da iyakar da ba a wucewa, don haka ƙarancin Alhaji shi ke ba da sararin ɗauko gwanaye. Dawakinsa 'yan Ajantina ne, sandunansa dami guda, farin wandonsa ba ya maimaita rana. Yaronsa na haya zai kwaso ƙwallo tun daga wancan bango, ya tsallake mutum uku, ya ajiye masa ita a bakin gola, saura a ce bismilla. Alhaji ya miƙe kan likkafa, ya ɗaga sanda, ya kai wa iska duka. Ya juyo, ya kai wa ƙasa. A karo na uku goɗiyar ta gaji da jira ta shure ta da kofato ta shiga, kuma a doka ci ne. Nan take kalangu ya ɗauka.

Da dare a zaure zai ce, "Kun ga yadda na karkato mata?"

Fadawa su ce, "Ranka shi daɗe, ko a Ajantina sai an tona."

Ni dai dariyata gare shi tana da iyaka. Baki nawa ke ci a bargarsa, kuma mutumin da ya ba hamsin baya, ya yarda ya riƙa faɗowa daga kan dabba tana sukuwa, da kuɗinsa, alhali zai iya zama a falo ya sha shayi, akwai abin da ke ransa wanda ba a saye.

Shi kuwa ɗan hayar, rana ta mai da shi jajir, yana yawo da ɗan ƙoƙo cike da ganye yana zuƙa da bututun ƙarfe. Shayin ƙasarsu ne, amma yaran unguwa sun gama yanke hukunci cewa nan asirin yake. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "yauwa" da "bar ta!" ba, kuma ta ƙarshen mai biyansa albashi yake daka wa.

Idan kana son ganin aiki, zagaya ƙarshen fili inda aka turke dawaki. Nan muri yake. Tun asuba ya fita kilisa, ya dawo ya wanke doki ya goge, ya ba da dusa da harawa, ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya. An aske geza ƙwal. Wutsiya sai ya kitse ta, ya ninka, ya ɗaure tam don kada ta sarƙe da sanda. Ƙafafu huɗu ya naɗe su da bandeji, yana durƙushe, bakin ƙyallen a haƙoransa, yana sa yatsa ya ji ko ya matse da yawa. Ya ja majayi, ya jira doki ya saki numfashin da ya riƙe don wayo, ya ƙara ja. Ana busa ƙarshen caka, ga mahayi nan a guje, wani ko ƙasa ba ya takawa, daga sirdi sai sirdi. Muri ya miƙa linzamin sabo da dama, ya cafe na jiƙaƙƙen da hagu, ya kwara masa ruwa a wuya, ya ja shi yana zagayawa har kumfar ta bushe. Ya san wace goɗiya ce ba ta son a matso ta ta hagu, ya san akawal ɗin nan yana ɗingishi tun kafin likita ya gane, ya kuma san makin Alhaji na gaskiya, amma ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya. Sai dai in Alhajin ya nufo zai hau, ka matsa kusa, za ka ji yana raɗa wa kilin a kunne: "Yi haƙuri, minti bakwai ce."

Can ƙarƙashin inuwa akwai Baba, da kujerarsa da ya zo da ita daga gida da goro a aljihu. Shi bai zo kallo ba, ya zo ta'aziyyar wasa. Duk bugun da aka yi sai ya girgiza kai. "Wannan folo ce? Ku dai yara ba ku ga komi ba." Daga nan sai karatu, kuma yawancinsa gaskiya ne. Turawan mulki suka shigo da wasan ta Legas a 1904, suna yi tsakaninsu. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya je Ingila a 1921 a tafiyarsa ta aikin Hajji, shi ya dasa wasan a Katsina, ya hora 'ya'yansa da jama'arsa, har Katsinawa suka riƙa zuwa Kaduna suna ɗauke Kofin Georgian a gaban masu abin. Ɗansa Usman Nagogo, da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki bakwai, matakin da har yau 'yan wasan ƙasar nan ke ɗaga kai su kalla. Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan Jihar Arewa a 1966, ɗan folo ne, haka ma Sarki Muhammadu Kabir Usman. Duk wannan ba gardama. Inda Baba ke sakin linzami shi ne tsawon bugu. Ƙwallon da Nagogo ya buga da baya, bara ta faɗa bayan gola, bana ta tsallake ganuwa, in Allah ya kai mu baɗi tana Jibiya, saura ƙiris ta nemi fasfo. Kuma in ka ƙirga shekarun Baba da kyau, lokacin da Nagogo ke tashen bugu ko auren iyayensa ba a ɗaura ba. Kada ka ƙirga masa a fili. Katsina ce, akwai kara.

Kusa da shi akwai masani, wanda ya tabbatar da cewa dokin mai baki ya fi gudu. Bai taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba, amma ba wanda ya iya zama a sirdi in ka bi ta tasa. Ya ji cewa babbar dokar wasan ita ce layin ƙwallo: idan an buga ta, hanyar da ta bi ta zama titi, wanda ke biye da ita yana da haƙƙi, ba a gitta masa yadda za a yi karo. Dokar ceton rai ce, don dawaki biyu a guje in suka haɗu ba a tambayar wa ke da gaskiya. Don haka ne ma aka hana riƙe sanda da hagu, bahago sai ya koyi dama. To masani ya riƙe wannan layi ya ƙi saki. Yana ganinsa a inda alƙalan wasa biyu da ke kan dawaki ba su gani ba. Gwanintarsa ita ce hasashen busa bayan an busa: "Ba na hwaɗa maku ba? Ya tsallaka layi!" Idan aka ba wa ɗaya ɓangaren bugun, sai ya ce alƙalin ɗan Kaduna ne.

Abin tausayi shi ne ɗan ƙwallon ƙafa. Ya saba da filin Muhammadu Dikko da gidan kallo, ya zo da rigar Arsenal, aboki ya jawo shi. Ba wanda ya gaya masa cewa a folo duk cin da aka yi sai an sauya gida. Ƙungiyar garinsu ta ci a gabas, ya yi tsalle. Jim kaɗan aka sake ci a gabas, ya tuɓe riga yana juyi, sai ya ga mutane sun yi tsit suna kallonsa. Ramawa aka yi. Daga nan ya koma neman satar gida, babu, ya nemi jan kati, shiru, ya tambayi ina mai tsaron gida, aka ce ba a ajiyewa. Kafin la'asar sakaliya ya koma gindin mai rake yana duba sakamakon Firimiya a waya.

Rumfar manya kuwa cike take da waɗanda suka ba fili baya. Shadda tana ƙara, hula zanna an karya ta gefe, turare ya kori warin barga har ya bi dawaki turke. 'Yan mata sun sha lalle da baƙin gilashi, waya a sama, ana jiran doki ya gitta ta baya a ɗauka. Tambayi ɗayansu wa ke ci, zai ce, "Ana dai fafatawa." Su ne suka fi kowa tafi, domin sun ji ana yi.

A bakin matakalar rumfar, inda ɗan sanda ya tare, akwai mai fayil. Wata uku yana sintiri ofis ana ce masa Oga yana taro, sai wani ya tsegunta masa cewa Oga ba ya fashin folo. Ga shi nan da takardunsa a leda don ƙura. Wasan bai dame shi ba, amma ba wanda ya kai shi addu'a, don ya san in ƙungiyar abokin Oga ta sha kashi, takardar nan sai wata shekara. Yana karanta wasan ne a fuskar mutum ɗaya. Oga ya yi murmushi, shi ya yi dariya har da buga ƙafa. Ana tashi ya kutsa, ya durƙusa, "Allah shi taimaki Yallaɓai, ni ne ɗan wajen Malam na Ƙofar Ƙaura." Yallaɓai ya ce, "Madalla, ka same ni ofis."

Maroƙi bai da wannan matsala, shi ƙungiyarsa aljihu ce. Yakan fara yini da kirarin masu jar riga, ya ƙare da na masu shuɗiya, bai ji ya ci amanar kowa ba. Ya san kakan kowa, wanda bai da kakan da aka sani kuma a ƙera masa nan take, gwargwadon abin da ya miƙo. Mai tsire da mai fura da yarinya mai dafaffiyar gyaɗa su ne kaɗai suka san tun ranar farko cewa da riba za su koma.

Akwai kuma waɗanda wasansu sai an tashi yake farawa. Samari ne da aka aika da motar gida su kawo Hajiya, suka ga fili fetal a wurin ajiye motoci. Sai ka ji taya na kuka, mota na juyi a wuri ɗaya, ƙura ta fi ta caka shida, yara na ihu, murai na zagi don dawaki sun firgita suna tabarya. Tseren nasu ba ya kai awa 24. Yakan ƙare ne daidai lokacin da waya ta yi ƙara, aka ga sunan Baba a kai, ko lokacin da aka ji ƙarar bamba a jikin bishiyar darbejiya, a fara shawarar wane makanike ne ke iya rufa asiri kafin safiya.

Ranar rufewa ake ganin gwanin gwanaye. Sarki ya iso, algaita na tashi, dogarai sun yi layi da ja da kore, an jera kofuna a tebur. Ana kiran ƙungiyar da ta ci, sai ga wani da ba ɗan wasa ba, ba muri ba, ba ɗan kwamiti ba, ya ɓullo tsakanin lamba biyu da lamba uku, hannunsa ɗaya a kunnen kofi, yana washe baki. Aka kira ta biyu, yana nan. Aka kira dokin da ya fi kowane doki, ya riga murin kama ragama. Kano ta ɗauka yana ciki, Legas ta ɗauka yana tsakiya. Shekaru ke nan ba a taɓa cin sa ba. 'Yan Kano sun ɗauka ɗan Katsina ne mai masauki, Katsinawa sun ɗauka da baƙi ya zo, kunya ta hana kowa tambaya.

Wani dogari ne ya taɓa yin ƙarfin hali ya ja shi gefe. "Malam, wai kai wace ƙungiya kake?"

Ya gyara hula ya ce, "Wace ta rage ba a ba kofi ba?"